Makon Sharar Frau Kienzle

A Stuttgart kana iya shekara talatin kuna hawa matakala ɗaya da mutum ba ka san addininsa ba, amma ba za ka yi wata guda ba ka san yadda yake shara ba. Kowane gidan haya yana da ɗan allonsa na katako mai hoton tsintsiya, ana rataye shi a ƙofar wanda makon shara ya faɗo kansa. Ranar Asabar ya share matakala tun daga sama har ƙasa, ya goge, ya share bakin titi, ya wanke mazubin shara, in lokacin sanyi ne ya kwashe dusar ƙanƙara, sannan ya rataya wa na gaba allon. Mutanen wasu garuruwa suna mana dariya a kan wannan. Su yi ta yi, mun ga matakalarsu.

A wani tsohon gida mai hawa uku a unguwar Heslach, Traudel Kienzle ce ta riƙe wannan al'ada kamar ita kaɗai aka bar wa wasiyya. 'Yar ƙauye ce daga kan tsaunukan kudu, ta fari cikin 'ya'ya biyar, ta iya tatsar saniya tun kafin ta iya rubuta sunanta. Tana da shekara goma sha shida ta sauko birni ta shiga masaƙar rigunan sanyi, ta yi ta ɗinka hannun riga har idanunta suka nemi tabarau. Ta auri Gotthilf, direban taragon cikin gari, mutum mai sanyin hali wanda ya gane tun da wuri cewa zaman lafiyarsa yana cikin cire takalmi a bakin ƙofa. Da amarci suka tare a hawa na sama, a nan suka haifi 'yarsu tilo, Silke, daga nan kuma aka sauko da gawar Gotthilf bayan ya yi ritaya. Traudel ta ci gaba da zama ita kaɗai da ɗan fanshonta, tana wanke ledar burodi ta shanya don ta sake amfani da ita, tana kashe fitilar ɗaki tun ƙafarta ɗaya ba ta gama fita ba. Ba ta da wani abin a zo a gani, amma ba talauci ne ya koya mata hakan ba. Haka aka haife ta, kamar yawancinmu.

A hawa na tsakiya akwai Nermin Karaca, haifaffiyar garin nan, iyayenta ne suka zo daga Turkiyya. Tana sayar da burodi a wani kanti, mijinta direban babbar mota ne da ba a cika ganinsa ba. A ƙasa kuma Herr Vukovic ne, wato Malam Vukovic, tsohon mai walda daga Kuroshiya, gwauro mai ƙaton ciki da ƙatuwar murya. Su biyun nan sun ga tasku a hannun Traudel. Kowace Lahadi in za ta coci sai ta sauko a hankali, ta zura yatsa a ƙarƙashin katakon da ake dafawa, ta ɗaga yatsan ta duba shi a hasken taga. Ba ta zagi, ba ta ɗaga murya. In ta haɗu da Nermin sai kawai ta kira ta da Frau, wato Malama, ta ce, "Frau Karaca, jiya sauri kike yi, ko?" Shi ke nan ta ɓata wa mace yini guda. A bayan idonta Duba-gari suke kiranta. Ta sani, kuma in za a faɗi gaskiya sunan bai taɓa yi mata ciwo ba. Shekara ashirin da ɗoriya suna tare, ba ta taɓa shan kofi a ɗakin ɗayansu ba, ba ta kuma taɓa roƙon kowa ko gishiri ba.

Abu na biyu da aka san ta da shi shi ne lissafin shekara. Kowane wata ɗan haya yana ɗora kafin alƙalami a kan kuɗin haya, na ruwa da ɗumama ɗaki da kwasar shara da fitilar matakala. Shekara ta zagayo, mai gida ya tattara abin da aka kashe ya raba, ko ya mayar maka da canji ko ya ce ka kawo ciko. Tsohon mai gidan, Herr Schaible, da hannunsa yake rubuta nasa, ya hau sama da shi yana haki. Traudel ta dafa kofi, ta yanka burodin nan mai kitso, su zauna su yi ta cacar baki a kan kuɗin da bai isa sayen ƙwai biyu ba har kofi ya huce. Dukansu biyu suna ɗokin wannan rana kamar ranar biki. Da Herr Schaible ya rasu magada suka miƙa gidan ga wani kamfani mai kula da gidajen haya, daga nan lissafi ya koma zuwa ta akwatin wasiƙa, shafi huɗu, ba ko gaisuwa.

Shekarar da ta cika saba'in da tara, a watan Oktoba, ta hau kujera za ta goge saman kabad, wurin da ba mahaluƙin da zai taɓa gani, kujera ta goce. Ƙashin ƙugu ya karye. Ta gwammace ta ja ciki har inda waya take ta kira motar asibiti da kanta, da ta yi ihu maƙwabta su zo su same ta a baje a ƙasa. Aka yi mata aiki, aka kai ta inda ake sake koya wa tsofaffi tafiya, daga can Silke ta ɗauke ta zuwa gidanta a garin Bremen ta ƙarasa jinya. Sanyin shekarar gaba ɗaya a waje ta yi shi. Sai a watan Maris ta dawo, da sandar dogarawa da rantsuwar cewa ba mai sake fitar da ita daga gidan nan sai a akwati.

Ranar da ta dawo ta faɗo daidai da ƙarshen makon da ya kamata ya zama nata. Tana hawa tana hutawa, sai ta ga abin da ya ba ta mamaki. Matakalar tana ƙyalli. Lungunan da tsumman Nermin bai taɓa sanin hanyarsu ba an bi su, an goge ƙarfen taga, ta zura yatsa ƙarƙashin katako ya fito fes. Ta tambayi Silke, wadda ke biye da ita da jaka. Silke ta ce ai tun tana asibiti ta buga wa kamfanin gidan waya ta ce su nemo masu shara su riƙa yin makonta. Traudel ta gyaɗa kai. Dama ta san wannan ba aikin mutanen gidan nan ba ne.

Kafin Silke ta koma sai da ta zaunar da ita. Ta ce ta sa sunanta a layin wani gidan tsofaffi kusa da ita a Bremen, an ce ɗaki zai samu a ƙarshen Yuni.

"Mama, ba tilasta miki zan yi ba," ta ce. "Amma ranar da na ga gidan nan ya fi ƙarfinki, ko ta jiki ko ta aljihu, kada ki ce ban faɗa miki ba."

Traudel ta ce ta ji. Da makonta ya sake zagayowa ta zauna a matakalar sama da bokiti a gefe, ta goge wannan ta sauko da mazaunai zuwa ta gaba, haka har ƙasa. Aikin awa ɗaya ya ci mata yini. Nermin ta leƙo ta ce ta kawo ta taya ta, Traudel ta ce ta gode, ƙugu ne ya karye ba hannu ba.

A watan Mayu lissafi ya iso. Ta karanta shi a tsaye, sannan ta nemi kujera. Cikon ya kusa yuro dubu, kusan fanshonta na wata cur, kuma an ce a biya cikin wata guda. 'Yan kuɗin da ta ɓoye jinya ta cinye su. Mutum ɗaya gare ta a duniya da za ta iya tambaya, ta kuma san ranar da ta buɗe baki ta ce wa Silke ranta min, ranar ta sa hannu a takardar Bremen. Ta yi kwana biyu abinci ba ya wuce mata. Tsoro ne ya kama ta, tsoro na gaske, irin wanda ba ta ji ba ko lokacin da take kwance a ƙasan kicin.

Tun yana raye Gotthilf ya shigar da su ƙungiyar 'yan haya, kuma kowace shekara Traudel tana biyan kuɗin ƙungiya tana mita, ba ta taɓa taka ofishinsu ba. Yanzu ta ɗauki sanda ta je. Aka haɗa ta da lauyarsu, Frau Oswald, wata doguwar mace da ke cin tufa a kan tebur tana bin takardar da biro.

"Frau Kienzle, duk sanyin nan kina gida?"

"Ina Bremen, inda ba su san tsintsiya ba."

"To wa ya ƙona miki ɗumi haka? Kin ga wannan 'yar alamar? Mai karanta mita ya zo bai same ki ba, sai suka yi ƙiyasi da na bara. Kawo min takardar asibiti, zan sa su dawo su karanta da idonsu. Wannan faɗuwa zai yi warwas." Ta ci gaba da bin layi. "Saura wannan. Shara da kwasar ƙanƙara a madadin 'yar haya. Shi ne ma ya fi rabi."

"Wannan ki bar shi. Sun yi aikinsu."

"Kin gan su?"

"Na ga aikin. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima."

Frau Oswald ta ajiye tufar. "Ba a biyan lissafin mai gida don an ga matakala tana ƙyalli. Kina da haƙƙi ki je ofishinsu a buɗe miki rasit ɗaya bayan ɗaya, in ba ki yarda ba ki yi ƙorafi a rubuce. Ko maƙwabtanki ki fara tambaya, su da suke nan."

"Maƙwabtana," in ji Traudel, "ba za su gane shara ba ko ta gaishe su a hanya. Ba na cin gumin wanda ya yi aiki."

Haka ta fito da taurin kanta da sauran cikon da har yanzu ba ta da shi. A tarago tana ta tunanin abin da za ta sayar: zoben Gotthilf, ko agogon bangon da aka ba su ranar aure. Wa'adin yana ƙaratowa, Silke kuma tana bugo waya kowace Lahadi tana tambaya ko komai lafiya, Traudel tana cewa lafiya lau.

Asabar ta zo, makon Nermin ne. Traudel ta dawo daga kasuwa ranta a jagule, ta tarar da ita a durƙushe a hawa na tsakiya da tsumma. Mai neman kuka an jefe shi da kashin awaki, idonta ya faɗa kan wani lungu.

"Frau Karaca, wannan lungun fa? Ko shi ba ya biyan haya?"

"Zan zo kansa."

"Haka kike cewa tun shekarar da kika tare. Da kin tsaya kin kalli mutanen kamfanin nan lokacin da ba na nan, da kin ƙaru. Tsada gare su, sun kusa tsiyata ni, amma sun san aiki."

Nermin ta matse tsumman a hankali ta rataye shi a bakin bokiti. "Wane kamfani?"

"Masu yin makona mana."

"Wane kamfani, Frau Kienzle?" Ta miƙe, ta daki gwiwoyinta biyu da suka jiƙe sharkaf. "Ga kamfanin nan." Ta leƙa ƙasa ta ɗaga murya. "Herr Vukovic, fito ka ji labari. An ce mu kamfani ne, har an biya mu."

Herr Vukovic ya fito da singileti da cokali a hannu, ya tsaya a gindin matakala ya ji bayani. Ya ce ƙwarai, a watan Nuwamba wasu mutum biyu sun zo da mota da wani injin goge ƙasa, suka danna ƙararrawarsa. Ya ce musu gidan nan akwai mutane a ciki, su ƙara gaba. Suka tafi, bai sake ganin ƙeyarsu ba. Tun daga nan duk makon Frau Kienzle shi ke yin titi da ƙanƙara da mazubin shara, Frau Karaca ke yin matakala.

"Ba zai yiwu ba," in ji Traudel, tana kallon Nermin. "Na san shararki."

"Kin san sharar makona. Makona nawa ne, in na ga dama da ƙafa zan yi shi. Amma naki? Da tsohon burushin haƙori na bi lungunan nan, bayan na taso daga kanti ƙafafuna kamar ba nawa ba. Na ce matar nan tana can a kwance, ba za a ce an ga datti a makon Frau Kienzle ba. Ba a gidan nan ba."

"Ni kam tsoro ne," in ji Herr Vukovic daga ƙasa. "Na ce yatsan nan ko daga gadon asibiti sai ya iso."

"Me ya hana ku faɗa min?"

"Mu faɗa miki?" in ji Nermin. "Ki sa kuɗi a ambulan ki tura mana ta ƙarƙashin ƙofa, sannan ki daina gaishe mu don kunya? Mun san ki fa."

Traudel ta zauna a kan jiƙaƙƙiyar matakala, ba ta ma ji ruwan ba. Kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa, don ta ga abin da ta yi: ta gwammace ta yarda baƙi masu mota ne suka yi mata alheri da kuɗi, da ta yarda matar da take gani kullum ce ta yi mata shi kyauta. A ƙarƙashin kunyar kuma wani abu ne mai ɗumi da ta daɗe ba ta ji ba. Tana can Bremen tana ganin gidan ya manta da ita, ashe wata tana durƙushe tana kare mata suna. Ta faɗa musu adadin kuɗin, ta faɗa musu maganar gidan tsofaffi, abin da ba ta faɗa wa kowa ba. Herr Vukovic ya ɗura wani ashar da yarensu, ba wanda ya nemi fassara.

Akwai abin da Traudel take so, amma bakinta bai saba ba. "Lauyar ƙungiya ta ce ana ƙorafi a rubuce," ta ce. "Ina jin in akwai shaidu, zai fi."

"Ina jin zai fi," in ji Nermin, ta naɗe hannu. "Ki ƙarasa mana. Ba zai kashe ki ba."

Traudel ta kalli sandarta, ta kalli bokiti. "Ku taimake ni," ta ce.

A yammacin nan suka hau ɗakinta karon farko. Herr Vukovic ya cire takalmi tun daga hawa na tsakiya. Suka rubuta abin da ya faru suka sa hannu, Traudel tana gyara musu rubutu suna ƙyale ta. Frau Oswald ta haɗa da ƙorafi ta aika, ta nemo musu ranar ganin rasit. Ranar su uku suka tafi a tarago, Herr Vukovic cikin kwat ɗin da yake zuwa jana'iza da shi.

A ofishin kamfanin gidan wani ma'aikaci mai ladabi da idanun gajiya ya ajiye musu fayil. Rasit ɗin masu shara suna nan reras, duk bayan mako uku, kuɗi iri ɗaya. Nermin ta tambaye shi wa ya ba su mabuɗin gidan. Ya duba, bai ga an ba su ba. Herr Vukovic ya tambaye shi ko ta taga suke shiga. Ma'aikacin ya yi ɗan tari ya ce za su bincika da masu sharar, abin da ba a yi ba ba za a caji kowa ba.

"Sai dai," ya ce, "dokar gidan ta ce in ɗan haya bai yi makonsa ba, ko bai yi shi yadda ya kamata ba, ana iya nemo masu yi. Mutanen nan sun ce sun yi. To wa zai tabbatar an yi shi yadda ya kamata?"

"Ni," in ji Traudel. "Shekara hamsin da biyar ina duba matakalar nan, tambayi kowa a unguwar. Ban taɓa ganinta kamar yadda matar nan ta bar ta ba, har da lokacin da nake yi da hannuna ina da ƙarfina. Rubuta haka, zan sa hannu."

Ma'aikacin ya rubuta. Nermin ta juya tana kallon taga, ta daɗe tana kallo, ko da yake ba komai a wajen sai wurin ajiye motoci.

A tsakiyar Yuni sabon lissafi ya zo. An cire kuɗin shara ɗungurungum, an sake karanta mitar ɗumi, ɗakin da ya yi sanyi a rufe kuwa bai ci komai ba. Maimakon ciko, canji ne ya biyo ta. Ta karanta sau biyu tana neman abin da za ta yi musu a kai, ba ta samu ba.

Da la'asar ta kira Silke ta ba ta labari tun daga farko. Silke ta ji haushi an ɓoye mata, ta ji kunya don ita ta janyo masu sharar, ta yi murna, duk a cikin numfashi ɗaya. Sannan muryarta ta sauka.

"Mama, na ji daɗi. Amma ba kuɗi ne ke hana ni barci ba. Mutanen gidan tsofaffin suna son amsa kafin Juma'a. Kin kwanta a ƙasan kicin da karaya, ba wanda ya sani a duk gidan nan. In ya sake faruwa, wayar kuma tana nesa, wa zai ji ki?"

Traudel ta sauya wayar zuwa ɗaya kunnen. Ta ci kamfani, ta ci lissafi, amma wannan tambayar gaskiya ce, kuma ta sani. Ta gyara zama tana neman abin cewa, gwiwar hannunta ta taɓa sandar da ta jingina a tebur. Sanda ta sulale ta faɗi a kan daɓen katako da ƙara.

Ba ta kai ga sunkuyawa ba ta ji ƙofar hawa na tsakiya ta bugu da bango, ta ji gudu a matakala, sai dukan ƙofarta da tafin hannu.

"Frau Kienzle. Frau Kienzle, yi magana in ji ki."

Daga can ƙasa muryar Herr Vukovic ta taso. "In kawo ƙarfe?"

"Kawo, yi sauri."

"Sanda ce," in ji Traudel, amma dukan ƙofar ya danne muryarta. Ta miƙe tana dafa tebur, ta dafa bango, wayar tana hannunta, ta ja ƙafa har ta kai ta buɗe. Nermin ce a tsaye da silifa ɗaya, rabin kanta a shafe da rinin gashi, hannunta cikin safar leda. A hawa na tsakiya Herr Vukovic ya rungume wani ƙaton ƙarfe yana haki kamar zai shiɗe.

"Kin faɗi?"

"Sanda ce ta faɗi."

"Sanda." Nermin ta jingina da ƙofa ta rufe ido. "Za ki kashe ni da raina, tsohuwar nan."

"Yaya aka yi kika ji?"

"Tun da kika dawo ban kunna rediyo ba in ina gida. Na san takunki na safe, na san na zuwa bayi, na san in kin ja kujera. In ina kanti kuma wancan ne ke hawowa da azahar ya kasa kunne a ƙofarki, ki tambaye shi."

"Minsharinta har titi," in ji Herr Vukovic, da ya samu numfashi.

Traudel ta tuna wayar da ke hannunta, ta kai kunne. Ta ji ƙarar jan hanci. Can Silke ta ce, "Na ji, Mama. Na ji duka. Gobe zan kira su in ce su ba wani ɗakin."

Traudel ta yi wa Silke sallama. Ta ajiye wayar a kan 'yar kantar da ke bakin ƙofa, ta ja aljihun kantar ta ciro mabuɗin Gotthilf, wanda ba wanda ya taɓa shi tun ranar da aka sauko da gawarsa. Ta kama hannun Nermin, da safar da rinin da komai, ta sa mata shi a tafi ta rufe yatsunta a kai.

"Riƙe min wannan. Na gode, Nermin. Ban san yadda ake faɗa ya isa ba, amma na gode." Ta share ido da bayan hannu, ta leƙa ƙasa. "Kai kuma, Herr Vukovic, mayar da ƙarfen nan inda ka ɗauko shi. In ka ɓalla ƙofar nan ni za su sa wa a lissafin baɗi, kuma baɗi ina nan."